Tsingaro a Buhun Kawu: Sharhi kan Laccocin Ilmin Kufai da Tallafin Ɗalibai

A gabashin gonar kawuna da ke wajen garin Gude, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, akwai wani tudu mai baƙar ƙasa. Dawa tana son wurin saboda tokar da ke cikinsa, amma fartanya ba ta sonsa, domin duk sara ɗaya sai ta ci karo da tsingaro ko wasu baƙaƙen duwatsu masu nauyi, masu ƙofofi kamar saƙar zuma. Mutanen gari kufai suke ce wa wurin, ba sa ƙara komai a kai. Muna yara da waɗannan duwatsu muke harbin kurciya da danƙo. Sai da na kai aji biyu a jami'a na san cewa kashin maƙera ne, wato dattin da ke saura bayan an narka tama an fitar da ƙarfe. Na san haka ne a wata lacca ta kyauta da wata ƙaramar ƙungiyar malamai da ɗalibai masu nazarin kufai ta shirya a birnin Kano. Saboda haka abin da zan faɗa game da irin waɗannan laccoci maganar wanda ya amfana da su ce, kuma ba ni da niyyar cin moriyar ganga in ya da kwaurenta. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, don aibin da na gani ba nata ne ita kaɗai ba.

Ilmin kufai nake kiran wannan fanni, ko da yake har yau ba a tsaya kan suna guda ba. Wasu na cewa akiyoloji, wasu ilmin tono kayan tarihi, wasu kuma su yi doguwar jimla da ba ta shiga bakin kowa. Fanni ne da ke karanta tarihin mutane daga abin da suka bari a ƙasa: fasasshiyar tukunya, ramin marina, gindin ganuwa, dutsen niƙa, gawayin murhu. A Arewa cibiyarsa mafi daɗewa ita ce sashen da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai ƙungiyar masanan fannin ta ƙasa baki ɗaya, mai taron shekara-shekara. A Kano akwai gidan adana kayan tarihi na Gidan Makama, akwai Gidan Ɗan Hausa inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take. A gefen waɗannan manya ne ƙananan ƙungiyoyi ke rayuwa, galibi da karo-karon membobinsu, kuma aikinsu biyu ne: su tara jama'a su yi musu lacca, su ɗan tallafa wa ɗalibi. Waɗannan ayyuka biyu nake son in ɗora a sikeli, kuma ma'aunina shi ne tudun nan na Gude.

A shekarar da zan kammala digiri aka sake sanar da wata lacca kan asalin Kano. Na je gida na lallashi Kawu ya raka ni. Muka tsinci tsingaro iri-iri, da kashin maƙera, da wani guntun bututun yumɓu da wuta ta ƙone bakinsa har ya yi ƙyalli, muka zuba a buhun taki. Da asuba muka kama hanyar Gwarzo zuwa Kano, muka shiga ta Kabuga. Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya zauna a layin baya, buhun na tsakanin ƙafafunsa, ya saurari Ingilishi na kusan awa biyu, wanda a ciki kalmomin da ya gane ba su wuce Dala da Bagauda da Rumfa ba. Da aka zo tambayoyi ya ɗaga hannu, amma manyan baƙi uku suka riga shi, kowanne ya mai da tambayarsa ƙaramar lacca, sai shugaban zama ya duba agogo ya rufe taro da addu'a.

A bakin ƙofa muka tare mai laccar. In faɗi gaskiya, mutumin kirki ne. Ya durƙusa ya buɗe buhun da hannunsa, da ya ga bututun nan fuskarsa ta canja.

"Baba, a ina kuka samo wannan?"

"Allah ya gafarta Malam, a gonata. Akwai irinsa ya fi cikin amalanke."

"Bakin zuga-zugi ne na masu narka tama. Don Allah, Baba, kada ku tona, kada ku bari a tona. Da zarar abu ya bar inda yake kwance, rabin labarinsa ya tafi."

"To, Malam, yaushe za ku zo ku gani?"

Malamin ya yi shiru, sannan ya ce in Allah ya kawo hali. Cikin minti biyar, da Hausa, a tsaye a rana, ya koya wa Kawu abin da awa biyu na cikin zaure ba su koya masa ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina dalilin da ya sa waɗannan minti biyar ba su ne laccar ba.

Maganar harshe ita ce ta fi fitowa fili, kuma ita ce aka fi saurin kawo wa uzuri. Ana cewa fannin ba shi da kalmomi a Hausa. Wannan uzuri bai karɓu ba a wurina. Harshen da ya bambanta tsingaro da sakaina, ya bambanta kufai da kango, ya san tama da kashin maƙera da karofi da kududdufi, ya raɗa wa gatarin dutse na mutanen farko suna gatarin aradu, ba za a ce masa matalauci a wannan fage ba. Abin da ya rage shi ne ƴan kalmomin dabara, kamar yadda ƙasa ke kwanciya hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, ko yadda ake awon shekarun gawayi. Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya ya san maganar farko tun kafin a gaya masa. Ta biyun ma jimla uku ta ishe ta: duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ke raguwa sannu a hankali bayan ya mutu, rabinsa na ɓacewa cikin shekara kusan 5,730, don haka idan aka auna abin da ya saura a gawayi za a iya ƙiyasta lokacin da aka sare icen. Na gwada wannan bayani a kan Kawu a mota muna komawa, ya ce ai kamar randa ce mai yoyo, in ka san yawan ɗigarta ka san yaushe aka cika ta. Ban taɓa jin misalin da ya fi wannan a aji ba.

Gaskiyar dalilin zaɓen Ingilishi ita ce laccar an rubuta ta ne don ta zama maƙala a mujalla, maƙalar kuma ta zama matakin ƙarin girma. Ba laifi ba ne malami ya nemi ci gabansa. Amma sai a daina kiran taron laccar jama'a, a kira shi taron ƙara wa juna sani, kowa ya san matsayinsa, Kawu ya adana kuɗin motarsa.

Duk da haka, da a ce harshe ne kaɗai matsalar, da tafinta ya warware ta. Abin da ya fi damuna shi ne tsarin labarin kansa. Laccar da muka halarta, da mafi yawan waɗanda na ji kafin ta, hanya guda suke bi. A fara da Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala. A kawo Bagauda a shekarar 999. A zo kan Gijimasu da fara ginin ganuwa, sai Yaji da Wangarawa da cin Santolo, sai Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da gidan sarki da kasuwar Kurmi. Sai a rubu'in awa na ƙarshe, lokacin da masu sauraro suka fara hamma, a sauko ƙasa a ce, af, an kuma sami shaidar narka ƙarfe a Dala da awon gawayi ya kai ta wajen ƙarni na 7. Wannan jimla ita ce ya kamata a buɗe taro da ita. Ma'anarta ita ce shekara ɗari uku ko fiye kafin sarkin farko da ke cikin jerin sarakuna, akwai mutanen da suka san tama, suka san icen da ke ba da gawayi mai zafi, suka san ginin murhu, kuma akwai manoman da ke sayen fartanyarsu. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, taska ce babba, ba mai musun haka. Sai dai littafin sarakuna ne, kuma masana da yawa na ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi a siffar da muka san shi. Ƙauye ba ya shiga cikinsa sai ranar da aka ci shi da yaƙi ko ranar da ya yi tawaye. Idan mai ilmin kufai ya ɗauki wannan littafi ya zama jagoransa, ya mai da fanninsa ɗan rakiya, mai nemo wa sarki shaidar abin da aka riga aka rubuta. Alhali kuwa babbar fa'idar fannin ita ce yana jin muryar waɗanda marubucin fada bai ga dalilin ambatonsu ba.

Abin mamaki, masana sun bar wannan tsohuwar hanya tun kafin a haife ni. A 1970 Abdullahi Smith ya buga maƙalarsa kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa a mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya, inda ya ajiye labarin baƙon jarumi da ya zo daga gabas, ya nuna yadda sarauta ta tsiro daga ƙasa: gidaje suka zama ƙauye, ƙauye ya zama gari, gari mai albarkar ƙarfe ko kasuwa ko dutsen tsaro ya zama birni. A 1979 John Sutton, wanda ya yi shekaru yana binciken wuraren narka ƙarfe da tsofaffin ganuwoyi a kewayen Zariya, ya yi kira da a karanta tarihin Hausawa daga ƙasa da harshe da tsarin zama. A shekarar nan dai Murray Last ya rubuta kan matsugunan Santolo da Fangwai, ya nuna cewa Dala ba ita kaɗai ce cibiya ba a farkon zamani. A 2003 Anne Haour ta fitar da littafi kan Kufan Kanawa da ke ƙasar Damagaram, wurin da al'adar baka ke cewa daga can mutanen Kano suka taso. Duk waɗannan ayyuka yatsa ɗaya suke nunawa, wato a fita bayan badala. Idan Smith ya yi daidai, to, tushen birnin Kano yana kwance ne a wurare irin tudun gonar Kawu, kuma laccar da ke kewaya Dala da Goron Dutse shekara da shekaru tana ba da labarin reshe ne ga mutanen da ke zaune a kan saiwa.

Yammacin Kano kuwa ba fayau yake ba. Karaye na fitowa a Tarihin Kano cikin labarin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina. Godiya, wadda ke maƙwabtaka da mu a Kabo, tsohon gari ne da sunansa ke cikin labarin jihadi a ƙasar Kano. Getso da Gwarzo kowanne na da tarihinsa. Yanki ne na kan iyaka, inda hanyoyin fatake da na mayaƙa suka ratsa, kuma irin wannan yanki shi ne ke tara ganuwa da kufai. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a Karaye a 1992, duk abin da ke kwance a wannan kwari ya fi ƙarfin mai tono. Abin da ya rage a tudu kuma tarakta da masu haƙar burji da masu buga bulo suna rage shi kowace shekara, ba da mugunta ba, sai don ba wanda ya taɓa gaya musu abin da suke kwashewa.

Tarihin fannin a ƙasar nan ma ya isa ya koya mana wanda ya kamata a yi wa lacca. Kan yumɓun nan da ya kai Bernard Fagg ga gano al'adar Nok a shekarun 1940, wani ma'aikacin haƙar kuza ne ya tsince shi, har ya kafa shi a gonarsa yana korar tsuntsaye da shi. Kayan tagullar Igbo-Ukwu, Isaiah Anozie ne ya fara cin karo da su yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa, shekara ashirin kafin Thurstan Shaw ya zo ya yi tonon ilmi a 1959. Manomi da mai haƙa rijiya da leburan gini su ne idon wannan fanni. Masanin da ke Zariya ko Kano ba zai taka gonaki dubu ba, amma masu gonakin suna taka su kullum. Ranar 18 ga Mayu, wadda ake bikin gidajen tarihi a duniya kuma ake yawan shirya laccoci a cikinta, ta faɗo daidai lokacin da manomin Kano ke sharar gona da kai taki, ƙasa tsirara, kowane tsingaro a fili. A ranar da ya fi kowa ganin kayan tarihi, ana can birni ana bayaninsu ga waɗanda ba su da gona.

Akwai hujja guda mai nauyi da na ji daga bakin masu kare tsarin yanzu, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa idan ka shiga rediyo da Hausa ka ce akwai dukiyar tarihi a ƙarƙashin gonaki, gobe za ka tarar da ramuka. Tsoron yana da tushe. A shekarun 1990 an yi wa wuraren Nok da Kwatarkwashi wasoso, har a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato a jerin kayan da ke cikin haɗarin sata. Labarin kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda tonon 1992 ya fito da zinariya da hauren giwa da kwanukan ƙarfe, ya isa ya sa mai kwaɗayi ya ɗauki diga. Amma mu duba yadda ɓarnar ta faru. Dillalan sun isa ƙauyuka, sun yi magana da harshen mutane, sun biya lada a hannu. Masana ne ba su isa ba. Shirun masani bai ɓoye wa ɓarawo komai ba, manomi kaɗai ya bari cikin duhu, har ya zamana mutum na farko da ya taɓa gaya masa cewa abin gonarsa na da daraja shi ne wanda ya zo saye. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono ba da izini ba, ta kuma hana cinikin kayan tarihi barkatai. Na tambayi dattawa da dama a garinmu, ban sami wanda ya taɓa jin labarinta ba. Kuma laccar gaskiya ai ita ce za ta kashe kwaɗayin, domin za ta faɗa ƙarara cewa abin da ke cikin mafi yawan kufai toka ce da tsingaro, ba su da kasuwa, darajarsu tana ga inda suke kwance.

Akwai kuma wata tambaya da laccar Ingilishi ke tsallakewa cikin sauƙi, wadda laccar Hausa ba za ta iya tsallakewa ba. Kawu ya yi mini ita a hanya: mutanen nan masu narka tama, Musulmi ne? In ba Musulmi ba ne, me ya kai mu tono kayansu? Wannan damuwa tana zukatan mutane da yawa, kuma tana daga cikin abin da ke sa a farfasa duk wani abu mai siffa da aka tsinta. Guje mata ba ya kawar da ita. Da na kai maganar gaban limamin unguwarmu, cewa ya yi duba kufan waɗanda suka shuɗe wa'azi ne ga mai hankali, abin kiyayewa kawai shi ne alfarmar kabari. Amsar ta fi ta kowane farfesa shiga kunnen Kawu. Ƙungiyar da ke son jama'a da gaske za ta zaunar da irin wannan malami kusa da mai laccarta.

Sai batun tallafin ɗalibai, inda ni kaina nake da hannu a cikin laifin. Abin da ƙungiyarmu ke bayarwa, gwargwadon ƙarfinta, shi ne kuɗin rajistar taro, da kuɗin buga kundin kammala digiri da ɗinke shi, da kyautar littafi ga wanda ya fi maki. Na karɓi na buga kundi, kuma ya fitar da ni kunya a lokacin da aljihun gidanmu ya bushe. Amma a lura da inda tallafin ya sauka: a ƙarshen aiki, bayan an gama bincike. Ba ya taɓa farkonsa, inda ake buƙatar kuɗin mota zuwa wurin, da abincin kwana goma, da ɗan ladan wanda zai riƙe maka igiyar awo. Lamunin ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2024 ma kuɗin makaranta da na ciyarwa yake ɗauka, ba a tsara shi don aikin fili ba. Awon gawayi kuwa galibi sai an aika ƙasar waje an biya da dala, wannan ko a mafarki ɗalibin digirin farko ba ya sa shi.

Sakamakon haka kowa ya san shi. Ɗalibi zai je garinsu ranar Asabar, ya gai da dagaci, a tara masa dattawa uku, ya dawo da labarin da kowane gari ke da shi: wani maharbi ne ya zo daga gabas, ya sauka a gindin tsamiya, ya ga wurin ya yi masa. Ya cika babi biyar, ya liƙa hoton tsamiyar. Nawa kundin haka yake, ba na ɓoyewa. Na rubuta shafi sittin kan kafuwar garinmu, tudun da ke gonar kawuna ya sami sakin layi ɗaya, domin ba ni da halin auna shi kuma ba wanda ya nuna mini yadda ake yi. Labarin baka ilmi ne, ba na raina dattawan da suka ba ni lokacinsu. Amma labarin baka a ƙauye da wuya ya wuce kaka bakwai ko takwas, masu narka tamar nan kuwa ba wanda ya gaji ko sunansu.

Abin takaicin shi ne aikin da ya fi gaggawa shi ne mafi araha. Kafin tono akwai zagaye: mutum ya taka ƙasa da rani, ya ga inda tsingaro ya yi yawa, ya auna faɗin wurin, ya ɗauki lambar wurin da wayar hannu, ya ɗauki hoton zanen da ke jikin tsingaron, ya rubuta sunan da mutane ke kiran wurin da sunan mai gonar, ya bar komai a inda yake. Ba ya buƙatar diga. Ɗalibi ɗan Gude zai kwana a ɗakin uwarsa, ya ci tuwon gidansu, kuma ba mai tambayarsa abin da ya kawo shi gonar mutane. Ko matsalar tsaro da ke sa malamai ɗari-ɗari da garuruwan da ke iyaka da Katsina ba ta shafe shi kamar yadda za ta shafi baƙo mai motar ofis ba. Kuɗin da ake kashewa a lemo da ruwan roba da allon sanarwa na lacca ɗaya zai riƙe irin wannan ɗalibi mako biyu. Haka nan ɗalibai mata, waɗanda iyaye da yawa ba za su bari su kwana a sansanin tono a wata jiha ba, za su iya wannan a garinsu, har su fi mu, domin su ne ke shiga gidajen da aka rubuta wa ba shiga, inda tsofaffin randuna da tukwanen gado suke, waɗanda za a gwada zanensu da na tsingaron kufai. A ajinmu mata sun kusa rabi, amma ko ɗaya ba ta yi kundinta a kan wani wuri na fili ba.

Na san ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karo ba za a ɗora mata nauyin gwamnati ba. Malaman da ke cikinta suna cire kuɗi daga albashin da bai ishe su ba, wasunsu sun yi shekara ashirin suna wannan hidima ba wanda ya ce musu sannu. Ba ƙarin kashewa nake nema daga gare su ba, juya akalar abin da ake kashewa nake nema. Lacca ɗaya cikin uku ta bar zauren birni ta sauka a makarantar sakandaren Kabo ko ƙofar gidan hakimin Gwarzo, da Hausa, bayan la'asar, a ce wa mutane kowa ya zo da abin da ya tsinta ya faɗi inda ya tsince shi. A naɗi muryar a ba gidan rediyo. Mai laccar zai koma gida da sunayen wurare da ba ya cikin kowane littafi, wanda hakan ma maƙala ce, in maƙala ake so.

Buhun yana rataye a zauren Kawu har yanzu. Na rubuta ranar da muka tsinci kayan da gefen gonar da aka same su a wata takarda na cusa a ciki, abin da ya kamata in yi tun farko. Tudun kuwa ba na Kawu ne duka ba, iyakar gona ta raba shi biyu. Bayan girbin bara maƙwabcinsa ya sayar da ƙasar ɓangarensa ga masu tifa, suka yi mako uku suna ɗiba, yanzu wurin kududdufi ne. A jikin ramin, ta gefenmu, ana ganin ƙasar hawa-hawa kamar yadda aka zana mana a allo: baƙa a sama, jan toka a tsakiya, wani layin gawayi a ƙasa da ya kai tsayin ƙirjina. Na ɗauki hotonsa na aika wa malamin nan, ya amsa da cewa abin ya yi kyau ƙwarai, a yi ƙoƙari a kiyaye. Masu tifar sun zo wurin Kawu sau biyu, kuma yana da ƴa da za a aurar bana. Ya ce musu su dawo bayan Sallah.